Pulsar 150 mai ABS a tayar gaba: ko ya cancanci ƙarin riyalolin?

Duk mai yawon kai saƙon abinci a Jidda ko Riyad ya san dabbab, kamar yadda ake kiran babur a nan, ba a gudu yake kayar da mutum ba, a tsayawa ne. Don haka birki kawai za mu duba a jikin Bajaj Pulsar 150, nau'in da ke da birkin faifai a gaba haɗe da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an ja birki, da birkin ganga a baya. Inji da shan mai, wannan zance ne na wata rana.

Sai an fahimci inda nauyi yake komawa kafin a gane amfanin na'urar. A ɗauka babur da direba da akwatin kaya sun haɗa kilo 240. Tsakanin tayoyin biyu kusan mita 1.3 ne, cibiyar nauyin kuma tana sama da ƙasa da kamar santimita 65. A tafiyar lafiya, tayar gaba na ɗauke da kilo 108, ta baya 132. Da an ja birki da ƙarfi, kimanin kilo 80 sai su zube gaba: ta gaba ta koma 190, ta baya ta saura da 50 kacal. Taya kuwa gwargwadon nauyin da ya danne ta take kama kwalta. Shi ya sa mai taka birkin baya shi kaɗai, a gudun kilomita 60, yake buƙatar sama da mita 40 kafin ya tsaya, alhali da birkin gaba mita 20 sun isa a busasshen titi. Ban da mita 17 ɗin da ake ci a daƙiƙa ɗayan da hannu bai kai ga birki ba.

To me ya sa da yawan 'yan'uwa suke tsoron birkin gaba? Suna da hujja. Tayar baya in ta kulle, babur wutsiya yake kaɗawa, ana iya ceto shi. Ta gaba in ta kulle, sitiyari ya mutu, kuma da ƙananan juye-juyen sitiyarin ne babur yake tsayuwa a kan ƙafa biyu. Kafin ƙiftawar ido mutum yana ƙasa. Yawanci fizgar hannun birki ce ke jawo haka: an matse faifai kafin shokozoba ta nutse nauyi ya iso gaba. A nan ABS ɗin yake biyan kuɗinsa. Akwai wani zobe mai ramuka a jikin faifai, da 'yar na'ura da ke ƙirga juyawar taya. Da ta ga taya na shirin tsayawa cak, sai ta sassauta matsin man birki ta sake matsewa, sau da yawa a daƙiƙa guda. Za ka ji hannun birkin yana rawa a yatsunka. Kada ka saki, aikinsa ke nan. A kan siririn yashin da iska ke shimfiɗawa a bakin shataletale, ko santsin ruwan sama na farko a Jidda, bambancin a fili yake.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Tayar baya ba ta da mai tsaronta, tana kullewa kamar ta kowane babur. Na'urar ba ta san babur ya kwanta a kwana ba. Riƙon tayar da kwana ta riga ta cinye, ABS ba zai ƙirƙiro wani ba, kuma birki a tsakiyar kwana miƙar da babur yake ya fitar da shi waje. A cikin tsakuwa ko yashi mai zurfi ma tsayuwar takan ɗan ƙara tsawo. Sannan akwatin da aka ɗaure can sama yana ɗaga cibiyar nauyi, don haka kaya masu nauyi a ƙasan akwati ya kamata su zauna.

Kafin ka biya, durƙusa ka nemi zoben da idonka. Indiya ta wajabta ABS ga baburan da suka haura cc 125 tun 2019, amma ba kowane wanda aka fitar waje ne yake ɗauke da shi ba. Kunna makulli: fitilar ABS ta kama, ta mutu bayan an ɗan gangara. In ta ƙi mutuwa, galibi datti ne a bakin na'urar, ko waya ta tsinke, ko batir ya yi sanyi.

A warsha, ka ce a duba fahmat, wato fatar birki. Ta kusa milimita 1.5, a canza. Man birki na shan danshi, Jidda kuma ga ta a bakin teku. Man birki nau'in DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155. Mai gangarowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada da tsohon mai zai iya jin hannun birki ya yi laushi har ya taɓa sitiyari, kuma a nan ABS ba shi da ta cewa. A juye man duk shekara biyu, kada a haɗa shi da nau'in DOT 5.

Ga mai aiki cikin gari kullum, mun ba shi huɗu cikin biyar. Ɗayan da muka riƙe na tayar baya ne.