Littafin dabaru ko littafin gabatar da wasa: wanne ya fi wa mai rufa-ido amfani?

Mai koyon rufa-ido a Damagaram littafi iri biyu zai tarar, galibi da Faransanci ko Turanci. Na farko tarin dabaru ne: yadda ake ɓoye kuɗin ƙarfe na dala ashirin a tafin hannu, da yadda ake riƙe karta 52 a raba ta ba tare da an rasa wadda aka zaɓa ba. Zanensa na nuna inda kowane yatsa zai zauna. Matsalarsa, yana ɗauka 'yan kallo suna gabanka ne kawai. A Kasuwar Dole kuwa kewaye ka ake yi, yaron da ke bayanka shi zai fara hango kuɗin.

Na biyu dabarunsa kaɗan ne, amma yana koyar da lokacin motsi: ka ɓoye abu sa'ad da kake tambaya, idonka na kan mutum, don jama'a inda ka duba suke dubawa. Wannan ya fi daraja, sai dai ba ya amfanar hannun da bai ƙware ba. Zaɓi dabara uku daga na farko, ka maimaita gaban madubi har hannu ya daina ƙagewa, sannan ka buɗe na biyu.