Sharhi kan manhajar Sefaria: bibiyar karatun Attaura na mako-mako

Tun bara nake amfani da manhajar Sefaria a wayata domin bin karatun Attaura da Yahudawa ke yi kowane mako, kuma ina yin haka ne a matsayina na malamin makaranta mai son sanin yadda wata al'umma ke koyar da littafinta. Sefaria ɗakin karatu ne na kyauta a intanet, wanda Brett Lockspeiser da Joshua Foer suka assasa a 2011, yana ɗauke da Attaura da Talmud (kundin muhawarorin malaman Yahudawa na dā kan dokokin addininsu) da sharhohin malamai na ƙarni daban-daban, cikin Ibrananci da fassarar Ingilishi.

Yahudawa sun kasa littattafan Attaura biyar zuwa kashi 54, kowane kashi suna kiransa parasha, ana karanta ɗaya (wani lokaci biyu a haɗe) a majami'a kowace Asabar, har a sauke a bikin Simhat Tora, a kuma koma farkon Littafin Farawa, wato na farko cikin biyar ɗin, a wannan rana. Manhajar tana nuna kashin da ake kai a makon, don haka mai karatu ba ya buƙatar sanin kalandarsu kafin ya shiga sahu.

Abin da ya riƙe ni shi ne abin da ke faruwa idan na taɓa aya guda da yatsa, domin nan take maganganun masu sharhi kan wannan aya ke bayyana, kuma sau da yawa ba su yarda da juna ba. Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin labarin Annabi Yusuf, wanda ya cinye kashi huɗu na ƙarshen Littafin Farawa, ana kuma karanta shi wajen watannin Disamba da Janairu. A sura ta 37 aya ta 28, nassin ya ce fatake Madayanawa sun zo wucewa, aka fito da Yusuf daga rijiya, aka sayar da shi ga Isma'ilawa a kan azurfa ashirin, amma bai fayyace wanda ya fito da shi ba. Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rayu daga 1040 zuwa 1105, ya ce 'yan'uwansa ne suka fito da shi suka sayar. Jikansa Rashbam kuwa ya ce Madayanawan ne suka riga su, suka ciro shi suka sayar ba da sanin 'yan'uwan ba. Jika ya saɓa wa kakansa, kuma ɗaruruwan shekaru ana buga maganganun biyu kusa da juna ba tare da an goge ɗaya ba. Wanda ya zauna a majalisin tafsiri zai tuna cewa malamanmu ma sun yi saɓani a Suratu Yusuf kan ko 'yan'uwan ne ko ayarin suka sayar da shi da 'yan dirhami kaɗan.

A ganina nan ne darajar manhajar take ga mai sha'awar harkar ilimi. Ɗalibin da aka ajiye wa ra'ayoyi biyu a gabansa dole ya koma ga nassin ya duba wane gurbi ne a cikin ayar ya sa malaman suka rabu, kuma wannan ya fi haddace amsa guda amfani. Malama Nechama Leibowitz, wadda ta rasu a 1997, ta shafe kusan shekara talatin daga 1942 tana aika wa ɗalibai takardun tambayoyi kan karatun mako ta gidan waya, suna amsawa tana gyara musu da hannunta. Sefaria ta buɗe wa kowane malami irin wannan ƙofa, domin mutum na iya tsinto ayoyi da sharhohi ya haɗa takardar darasi tasa, ya ƙara tambayoyinsa, ya raba wa wasu. A cikin waɗannan takardu ne na ga yadda malaman yau ke ɗora karatun mako a kan al'amuran zamani, kamar tarbiyyar yara, haƙƙin ma'aikaci, da hutun Asabar a duniyar da waya ba ta barin mutum ya huta. Tun da kowa na iya rubutawa, wasu takardun na da zurfi wasu kuma na sama-sama ne, saboda haka na fi dogara ga tsofaffin sharhohi.

Wani abin da ya burge ni shi ne fassarar Attaura zuwa Larabci ta Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayyum a Masar wanda ya rasu a 942. Sunan aikin Tafsir, kuma a nan an rubuta Larabcin da haruffan Ibrananci, kamar yadda magabatanmu suka rubuta Hausa da ajami.

Mai son gwadawa ya sani cewa sai yana jin Ingilishi sosai, kuma akwai sharhohin da har yanzu Ibranancinsu kaɗai ake da shi. Talmud kam an samar da shi kyauta tun daga 2017 da fassarar Adin Steinsaltz, amma yana da wuya ga wanda bai saba da salon muhawararsa ba. Ana iya sauke littattafan a waya a karanta ba tare da data ba. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya tsaya kan kashin mako guda, ya karanta nassin tukuna, sannan ya buɗe Rashi da wani mai sharhi ɗaya kamar Ramban ko Ibn Ezra, ya bar sauran sai zagaye na gaba.