Kyamarar kwan fitila: ta yi a shago, amma ban yarda da ita a tsakar gida ba

Kyamarar nan mai siffar kwan fitila da ta cika kasuwannin waya, ita na saka a shagona na kayan masarufi, kuma duk wanda ya gan ta sai ya tambaye ni ko shi ma ya saya.

Sakawa ba wuya. Murɗa ta ake yi a mazaunin kwan lantarki, a sauke manhajarta a waya, a haɗa ta da Wi-Fi, shi ke nan. Da rana hoton tas yake, har ina bambance takardar dubu ɗaya da ta ɗari biyar a hannun yaron shago. Da dare takan koma baƙi da fari, ana gane fuska in mutum na kusa. Daga gida nake juya kanta ta waya, kuma in katin memori ya cika sai ta riƙa goge tsohon hoto. Rauninta wuta ce: in an ɗauke, ko wani ya kashe makunni, ta mutu. Shi ya sa na ɗora ta a kan sola.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne kunnenta. Tana ɗaukar murya, kuma tana ji sosai. Akwai dattijon da kan zo bayan magariba, ya jira mutane su ragu, ya matso kusa da kantar shagon ya rage murya ya ce wa yaro, "Ɗana, a auna mini shinkafa kwano ɗaya, zuwa ƙarshen wata in Allah ya yarda." Ya rage muryar ne don a rufa masa asiri, ga na'ura a saman kansa tana naɗewa. Wannan ya tsaya mini a rai. Na shiga saiti na kashe ɗaukar sauti, na kuma liƙa takarda a ƙofa cewa akwai kyamara. Don ɓarawo na saye ta, kuma hoto ya ishe ni a kan ɓarawo.

Sai maganar wa ke kallo bayan kai. Sau da yawa mai sayarwa ko mai haɗawa shi ke buɗe asusun a wayarsa, sannan ya tura maka. In haka ta faru, shagonka na aljihunsa. Ka danna ɗan maɓallin da ke mayar da ita sabuwa, ka buɗe asusu da kanka, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya riƙa nuna hotuna kai tsaye daga kyamarori fiye da 73,000 a faɗin duniya, har da na falo da ɗakunan kwana, ba don komai ba sai don masu su ba su canza kalmar sirrin kamfani ba. Kuma ko ka canza, irin waɗannan kyamarori ta na'urorin kamfaninsu suke bi kafin su haɗu da wayarka, kwalin tawa kuwa ko adireshin kamfani babu a jikinsa.

Da na juya kan kyamarar waje, sai ga ƙofar maƙwabcina, ana ganin duk mai shiga da fita, har matan gidan. Na mayar da ita ciki. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023, amma tun kafin su aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin juna.

Yayana ya so ya saka biyu a tsakar gida saboda yana yawan tafiya. Na ce masa, "Yaya, a zaure ko bakin get dai, na yarda. Amma tsakar gida nan iyali ke zama ba lulluɓi, nan yara ke fitowa daga wanka." Ya ce ai shi kaɗai zai gani. Na tambaye shi sau nawa wayarsa ta kwana wurin mai gyara, da kuma wanda ke riƙe ta in ya ba da caji. A bakin get ya saka guda, ɗayar kuma ya kai ta rumbun ajiyar kayansa.