Ƙarin mahaifa: magani, tiyata ko toshe jijiya?

Kafin a zo maganar kuɗi, tambayoyi biyu ne ke raba hanya. Kina son ƙara haihuwa? Kuma ƙarin ya kai girman da zai danne jijiyoyin ƙugu?

Ta biyun ce mata ba su cika sani ba. Fayibroid, wato ƙarin mahaifa, idan ya girma har ciki ya turo kamar na wata biyar, yakan danne manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafa, jinin ya kwanta ya daskare. In ƙafa ɗaya ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sharaɓa tana zafi, ki sa a yi hoton jijiyar kafin a kai ki ɗakin tiyata, don gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu.

Magani shi ne mafi araha. Tranexamic acid na rage zubar jinin al'ada, amma ƙarin na nan daram, kuma wadda jininta ya taɓa daskarewa lallai ta faɗa wa likita. Allurar Zoladex kan rage girman ƙarin, sai dai ba a so a wuce wata 6 saboda tana rage ƙarfin ƙashi, da an daina kuma ƙarin ya dawo.

Mai neman haihuwa, a ganina, ta fi dacewa da tiyatar cire ƙarin a bar mahaifa. Matsalar tiyatar ita ce zubar jini, shi ya sa ake cewa dangi su tanadi ledar jini tun kafin rana. Ki tambayi likita ko yana ɗaure jijiyoyin mahaifa da roba yayin aiki. Dabara ce mai sauƙi da ke rage zubar sosai. Ƙari na iya sake fitowa, haihuwa kuma wataƙila sai da tiyata.

Toshe jijiya kuwa, wanda Jacques Ravina da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana a 1995, ba yanka. Siririn bututu ake zurawa ta matsematsi a toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin, ya yanƙwane. Kwana ɗaya ko biyu a asibiti, amma ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi kan biyo baya. Da tsada, ƙwararrunsa kaɗan ne, kuma ba shi aka fi ba mai son ciki shawara ba.

Wadda ta gama haihuwa, jini kuma ya ƙi tsayawa, cire mahaifar ne kaɗai ke da tabbacin ƙari ba zai dawo ba. Bayan aikin, da nas ta ce ki tashi ki taka, ki daure ki taka, don kwanciya ma na daskarar da jini.