Na kai Kawu saman Burjul Mamlaka

Shekarata huɗu a Riyad, kusan kullum sai na wuce Burjul Mamlaka ta titin Sarki Fahad, amma ban taɓa leƙa cikinsa ba sai da Kawu ya zo daga Kano. Yana hango shi ya ce, "Kai ɗan nan, wancan mai kama da mabuɗin kwalba fa?" Ƙaton ramin da aka bari a ƙololuwar ginin yake nufi. To gadar da ta rufe saman ramin nan, ita ake hawa.

Mun isa bayan la'asar. Ƙasa kantuna ne na turare, agoguna da jakunkunan mata, amma ba don aljihun irinmu aka buɗe su ba. Kawu ya tambayi kuɗin wani agogo, da ya ji sai ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," muka yi gaba. Mai neman tsaraba ya nufi kasuwar Batha kawai.

Bayan an yanki tikiti, lifta biyu ake shiga. Ta farko tana ajiye mutum a hawa na 77, inda har masallaci akwai, ta biyu ta ƙarasa da shi na 99. Kunnuwa sukan toshe a hanya, a riƙa haɗiyar yawu. Tsayin ginin mita 302 ne, an gama shi a 2002, gadar kuma tsawonta mita 65, gilashi dama da hagu. Kawu, wanda Dutsen Dala ne iyakar hawansa a duniya, ya damƙe kafaɗata yana salati, ya ƙi matsawa kusa da gilashin.

Ni abin da ya kama ni shimfiɗar garin ce. Tituna miƙe sambal kamar an ja su da zare, ga dogon benen Faisaliyya can da ƙwallonsa mai ruwan zinare. Da farko ƙura ta rufe nesa kamar hazon hunturu a gida, har na fara jin haushin kuɗina. Rana na faɗuwa fitilu suka kama ko'ina, haushin ya tafi. Don haka kada a je da tsakar rana, kuma ranar da ƙura ta taso a haƙura.

Sai a lokacin Kawu ya saki kafaɗata. "Kira min Hajiya a bidiyo," in ji shi, "in ba ta gani da idonta ba cewa za ta yi ƙari na yi."