Wace kwamfuta za ka saya don WRF, GROMACS ko OpenFOAM?

Kafin ka nufi kasuwar kwamfutoci ta Banex a Wuse 2, Abuja, da kuɗinka a aljihu, fara sanin manhajar da za ka yi aikin bincikenka da ita: WRF ta hasashen yanayi ce, GROMACS ta kwaikwayon motsin ƙwayoyin sinadarai, OpenFOAM kuwa ta lissafin gudun ruwa da iska. Na sha ganin ɗalibin digiri na biyu ya kwashe makonni yana fama da saƙon kuskure, alhali tushen wahalar tun ranar saye ne.

Mac mai ƙwaƙwalwar M, wato firosesar da Apple ke ƙerawa, tana da sauri, batirinta kuma yana daɗewa, abin da ba a rainawa a garin da ake yawan ɗauke wuta. Amma ba ta ɗaukar CUDA, fasahar NVIDIA da GROMACS ke samun gudu da ita, kuma ba a ƙara mata RAM bayan an saya. Idan ba ka da wanda zai riƙe maka hannu, bar ta.

Windows da WSL2, wato hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows, ta fi sauƙi ga mai tsoron rabuwa da Word. OpenFOAM tana tafiya lafiya a kanta. Sai dai WSL2 rabin RAM ɗin kwamfutar kawai take ɗauka in ba ka canza saitin ba, don haka mai gigabayit 16 yana aiki ne da 8. Daga nan sai lissafi ya yanke a tsakiya, a rubuta maka "Killed". Ajiye fayiloli a /mnt/c, wato ɓangaren Windows na kwamfutar, kuwa yana sa komai tafiyar hawainiya.

Ni dai zaɓina Ubuntu ce zalla, wani nau'in Linux, 22.04 ko 24.04, a kan kwamfutar aiki ta hannu irin Dell Precision ko ThinkPad P, da RAM gigabayit 32. Ba wai a can babu matsala ba ne, akwai, amma mafi yawansu sanannu ne, maganinsu ma sananne. Tun daga GCC 10 na 2020, gfortran, kwamfailar GCC da ke haɗa manhajar da aka rubuta da harshen Fortran ta zama mai aiki, ya daina kau da kai ga wasu kurakuran tsohon Fortran, shi ya sa tsofaffin WRF ke ƙin haɗuwa sai an ƙara -fallow-argument-mismatch a umarnin haɗawa. In kuma WRF ta faɗi da "segmentation fault" da zarar ta tashi, gwada umarnin ulimit -s unlimited kafin ka zargi bayananka.

Abin da ya fi cin mutane shi ne gauraya. Ka haɗa netCDF, manhajar da WRF ke karanta bayanai da adana su da ita, ta hanyar gfortran, sannan ka ce za ka haɗa WRF da kwamfailar Intel, ba za su jitu ba, domin kowacce da irin fayilolin .mod nata. Haka OpenMPI da MPICH, manhajoji biyu masu rarraba lissafi don ya tafi lokaci guda: ka haɗa da ɗaya ka tashi aiki da ɗayan, sai rikici. Zaɓi gida ɗaya ka zauna a cikinsa.

Katin hoto (GPU) na NVIDIA yana ƙara kuɗi sosai. Mai GROMACS zai ci moriyarsa. Mai WRF ko OpenFOAM gara ya zuba kuɗin a RAM, SSD da inbata. GROMACS tana adana inda ta tsaya duk minti 15, sai ka ƙara -cpi a umarnin ka ci gaba daga nan in wuta ta dawo, amma WRF sai ka saita restart_interval, wato tazarar adana inda ta tsaya, daidai da halin wutar unguwarku.

Ranar saye, tafi da filas mai Ubuntu a ciki. Kunna kwamfutar da shi a gaban mai shago, ka ga ko Wi-Fi da allo suna aiki, sannan ka roƙe shi ya buɗe bayanta ka tabbatar RAM ɗin na cirewa ne, ba mannanne ba.