Takardar tambayoyi ko zaman tabarma: wanne ya fi gano halin matan Maraɗi?

Ɗalibin jami'a da zai yi bincike kan matsayin mata a jihar Maraɗi yana da hanya biyu. Ta farko ita ce takardar tambayoyi: a bi gida gida, a cika, a zuba a kwamfuta. Da irin wannan hanya binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Hukuma da masu ba da tallafi suna son alƙaluma, kuma da su ake gwada Tasawa da Dakoro.

Sai dai a gidan da ake kulle, matashi namiji iyakarsa zaure. Maigida ne zai amsa. Ko an fito da matar, uwar miji na gefe, za ta ce "lafiya lau".

Hanya ta biyu ita ce zama da mutane, irin aikin LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai. Ɗaliba ta je taron Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar nan a 1991, ta zauna ana zubi ana hira. Nan za ta ji wa ke riƙe kuɗin ƙuli-ƙuli, wa aka karɓe wa gamana ('yar gonar da maigida ke ba mace) da gonar gandu ta yi kaɗan, wace bazawara ko gurguwa ce ba a gayyata ba. Aikin na cin watanni, kuma labarin ƙauye ɗaya ba na jiha ba ne.

Ni dai, ga mai ƙaramin guzuri, zaman na fi so. Alƙaluman ya nema a hukumar ƙididdiga ta INS.